Wonder Woman: Daga Mujallar 1941 Zuwa Fim ɗin da Ba a Haska a Doha Ba

Wonder Woman jaruma ce ta ƙagaggen labari, mallakar kamfanin DC na Amurka. William Moulton Marston, masanin halayyar ɗan Adam, shi ya ƙirƙiro ta, Harry G. Peter ya zana ta. An yi saɓani kan shekarar fitowarta, wasu su ce 1941, wasu 1942. Dalili kuwa shi ne mujallar All Star Comics ta 8, inda aka fara ganin ta, ta shiga kasuwa a watan Oktoba na 1941, sannan Sensation Comics ta 1, wadda ta ɗora ta a bango, tana ɗauke da watan Janairu na 1942. Ranar shiga kasuwa ita ce abin dogaro, don haka 1941 ne daidai.

A talabijin, fim ɗin tashar ABC na 1974 da Cathy Lee Crosby ta fito a ciki bai karɓu ba. An mai da jarumar 'yar leƙen asiri, an cire mata kayan da aka san ta da su. Wanda ya zauna a zukatan mutane shi ne shirin Lynda Carter, daga 1975 zuwa 1979. Zangonsa na farko ya bi mujallar sau da ƙafa: Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Nazi a matsayin abokan gaba, Diana, wato Wonder Woman, tana aiki a ofishin soja cikin ɓad-da-kama da tabarau. Da shirin ya koma tashar CBS a 1977 sai aka dawo da labarin zamanin masu kallo. A shirin Carter ne aka san juyin nan da take yi, walƙiya ta tashi, kayanta su sauya.

Fim ɗin 2017, wanda Patty Jenkins ta ba da umarni kuma Gal Gadot ta fito a matsayin Diana, bai ɗora daga inda wancan ya tsaya ba. Sabon zubi ne daga tushe, kamar yadda kowace kaka ke da nata salon ba da tatsuniyar Gizo. Babban sauyin shi ne na zamani: an ɗauke labarin daga yaƙi na biyu zuwa 1918, ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan zaɓi ya yi ma'ana ƙwarai. Yaƙi da Hitler kowa ya san mai laifi, amma yaƙin ramuka da iskar guba ya bar Diana da tambayar da ta fi ƙarfin takobinta, wato ko mutane na kashe juna ne don an zuga su, ko kuwa abin yana cikin zukatansu. Daga nan aka samo abokin gabarta Ares, gunkin yaƙi na tatsuniyoyin Girka, wanda George Pérez ya fito da shi gaba lokacin da ya sake gina mujallar a 1987.

Asalinta ma an taɓa shi. A tsohon labari, mahaifiyarta Hippolyta ce ta ƙera ta da yumɓu aka busa mata rai. Fim ɗin ya fara da wannan, daga baya ya bayyana cewa 'yar Zeus ce, bin sauyin da mujallun DC suka yi a 2011. Gasar da Diana ke shiga da fuska a rufe don ta sami izinin raka Steve Trevor, baƙon da ya faɗo tsibirinsu, gida, wadda ke cikin mujallar da shirin Carter, an jefar da ita. A fim ɗin, cikin dare ta bar tsibirinsu na Themyscira bisa ra'ayin kanta. Babu juyin sauya kaya, babu jirgin da ido ba ya gani. Steve kuwa, wanda Chris Pine ya fito a matsayinsa, mutuwa ya yi a ƙarshe, kuma wannan rashin ne ya ba fim ɗin nauyin da shirin talabijin bai taɓa nema ba.

An fara haska shi a Amurka ranar 2 ga Yuni, 2017, ya kuma tara fiye da dala miliyan 800 a duniya. Sai dai masu kallo a Doha ba su gan shi a majigi ba. Gadot 'yar Isra'ila ce, ta yi aikin soja na shekara 2, kuma a 2014 ta nuna goyon bayanta ga sojojin ƙasar a Facebook lokacin yaƙin Gaza. Lebanon ta hana fim ɗin ranar 31 ga Mayu, sa'o'i kaɗan kafin a fara, duk da cewa ta bari an nuna Batman v Superman na 2016 inda Gadot ta fara fitowa a wannan matsayi. A Qatar, gidajen sinima sun riga sun sa shi a jadawali, amma a ƙarshen watan Yuni aka janye shi. Tunisiya ma ta hana, yayin da Dubai ta haska.

Ci gabansa, Wonder Woman 1984, ya fito a Disamba 2020, bai sami yabon na farko ba. An jingine shirin fim na uku a Disamba 2022, bayan James Gunn da Peter Safran sun karɓi ragamar DC Studios.