Maimaici da Sauyi a Kiɗa: Daga Gangar Noma zuwa Fiyano

Akwai masu ganin cewa kiɗan fiyano da ya mamaye bukukuwa a Ikara da Maƙarfi da Kudan ba kome ba ne illa nanata sauti guda. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa maimaici tsohon ginshiƙi ne a kiɗa, kuma abin lura shi ne sauyin da ke tafiya a cikinsa.

A ƙauyukan arewacin Zazzau, mai gangar noma a wurin gayya yakan riƙe zubi ɗaya, yana ƙara masa nauyi da sauri sannu a hankali gwargwadon himmar manoma. Haka luguden mata yake. A wajen Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amshi ba ya canzawa, sai dai ɗiyan waƙa su yi ta sauyawa a kansa.

Turawa ma sun bi wannan hanya. A Amurka, Terry Riley ya fitar da A Rainbow in Curved Air a 1969 da fiyanon lantarki. A 1970 Steve Reich ya tsara Four Organs, inda ake ta tsawaita gungun sauti guda kaɗan-kaɗan, kuma a shekarar ya je Gana koyon kiɗan Ewe. A Yamai kuwa, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da fiyanon Orla ƙirar Italiya, ya ɗora amon gargajiyar Nijar a kan zubi mai maimaituwa. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013.

Fiyanon Yamaha ya samu gindin zama a ƙasar Hausa ta hanyar finafinan Kano, musamman bayan Sangaya a 1999, daga nan ya bazu har karkara. To, a nan gizo ke saƙa. Na'urar tana buga zubin da kanta, ba ta jin gajiyar manomi, ba ta ganin ƙafar mai rawa. Watau maimaicin ya tsira, amma sauyin ya koma hannun mai danna maɓalli, in ya ga dama.

Saboda haka ya kamata manazarta su naɗi kiɗan tsofaffin makaɗan wannan yanki tun suna raye, su kwatanta shi da na fiyano. Ta haka ne za a gane abin da aka gada da abin da ya salwanta.