Gift: Kyauta a Ingila, Guba a Jamus, Aure a Suwidin

Haruffa huɗu ne kacal, g-i-f-t, amma ma'anarsu ta danganta da ƙasar da aka rubuta su. A Ingilishi kyauta ce. A Jamusanci guba ce, irin wadda ake gargaɗi da ita a jikin kwalba. A harsunan Suwidin, Denmak da Norwe kuwa tana nufin guba, tana kuma nufin mai aure. Masana harshe suna kiran irin waɗannan kalmomi "abokan ƙarya", sunan da ya bazu bayan littafin Koessler da Derocquigny na 1928. A ganina sunan bai dace da wannan kalma ba, domin ba kama ce ta katsaham ba, dangantaka ce ta jini.

Tushensu ɗaya, wato tsohuwar kalmar aikatau mai nufin bayarwa, wadda ta haifi give na Ingilishi da geben na Jamusanci. Zancen aure bai da wuyar ganewa: iyaye ne ke ba da 'yarsu. A tsohon Ingilishi ma gift na nufin dukiyar da ake biya don a auri mace, har yau kuma Bajamushe na kiran garar amarya Mitgift.

Guba ce ke buƙatar tsayawa. Likitocin Girka suna kiran ma'aunin maganin da ake ba maras lafiya dosis, ma'ana "bayarwa". Jamusanci ya bi wannan sawu, har "abin da aka bayar" ya zama hanyar sakaya zancen kisa, kamar yadda Bahaushe kan ce "an ba shi wani abu ya ci" ba tare da ya ambaci abin ba. Sannu a hankali sakayawar ta cinye ma'anar asali. Nahawu ya adana shaidar rabuwar: Mitgift tana jinsin mace kamar tsohuwar kalmar kyauta, gubar kuwa ta koma jinsi na uku, wanda ba na namiji ba ne ba kuma na mace ba, das Gift. Daga Jamusanci ne ma'anar ta ƙetara zuwa harsunan Sikandinabiya, wato na Suwidin, Denmak da Norwe, ta tarar da ta aure zaune.

Marcel Mauss, masanin zamantakewa na Faransa, ya rubuta gajeren nazari kan wannan a 1924, yana mai cewa kyautar da tsofaffin Jamusawa suka fi bayarwa abin sha ce, mai karɓa kuma bai san me ke cikin ƙoƙon ba. Faransanci ya ƙarfafa hujjarsa: poison daga potio na Latin ta fito, wato abin sha. Mutanen Holan sun raba gardamar da harafi guda, gift kyauta, gif guba.