Lambobin da suka gagari aljabra

Masana lissafi sun kasa lambobi gida biyu. Akwai lambobin aljabra, akwai kuma waɗanda suka gagari aljabra, waɗanda sunansu a Turai ya samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar ƙetare iyaka.

Ana kiran lamba ta aljabra ne idan za a iya mayar da ita sifiri ta hanyar ninka ta da kanta ko da cikakkun lambobi, tare da tarawa da ɗebewa, a matakai ƙidayayyu, ba tare da an ninka komai da sifiri ba. Misali, uku bisa huɗu ita ce amsar 4x − 3 = 0. Haka nan √2, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da biyu, ita ce amsar x² − 2 = 0. Duk da cewa ba a iya rubuta √2 a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata, tana cikin lambobin aljabra.

Lambar da babu wani lissafi irin wannan da zai kama ta, ita ce ta gagari aljabra. Mafi shahara a cikinsu ita ce π, wadda ake samu idan aka raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta, kimanin 3.14159. Ita 22/7 da ɗalibai ke aiki da ita a makaranta kusa kawai take da π, domin ta aljabra ce, amsar 7x − 22 = 0.

Bafaranshe Joseph Liouville ne ya fara tabbatar da samuwar irin waɗannan lambobi a shekarar 1844. A 1873 Charles Hermite ya nuna cewa e, kimanin 2.71828, wadda ake amfani da ita wajen lissafin ƙaruwar jama'a da kuɗin ruwa, tana cikinsu. Bajamushe Ferdinand von Lindemann ya bi sawunsa a 1882, inda ya tabbatar da haka game da π.

Wannan hujja ta kawo ƙarshen wata matsala da ta shafe sama da shekara 2,000 tana wahalar da masana tun zamanin Girkawa: zana murabba'in da filinsa ya yi daidai da na wata da'ira, da rula da kamfas kaɗai. Waɗannan kayan aiki biyu ba sa samar da tsawon da ya fita daga lambobin aljabra, saboda haka aikin ba zai taɓa yiwuwa ba.

Abin mamaki shi ne, lambobin da suka gagari aljabra su ne mafiya yawa. A 1874 Georg Cantor ya nuna cewa ana iya jera lambobin aljabra ɗaya bayan ɗaya, amma sauran sun fi ƙarfin jerawa. Sai dai tabbatar da cewa wata lamba takamaimiya tana cikinsu aiki ne ja. A 1900 David Hilbert ya sanya batun 2 mai ƙarfin √2 cikin matsaloli 23 da ya ƙalubalanci masana da su, kuma a 1934 Aleksandr Gelfond da Theodor Schneider, kowa daban, suka warware matsalar gaba ɗayanta. Har yanzu kuwa babu wanda ya iya tantance gidan da π + e take.