Shirin Marshall

Shirin Marshall shiri ne na tallafin tattalin arziki da Amurka ta bai wa ƙasashen Yammacin Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1948 zuwa 1952 an kashe kimanin dala biliyan 13 a ƙarƙashinsa. An sa masa sunan George Marshall, sakataren harkokin wajen Amurka, wanda ya gabatar da shawarar a jawabinsa na Jami'ar Harvard ranar 5 ga Yuni, 1947.

Asali

Yaƙin ya rusa birane, masana'antu da layukan dogo a Turai. Tsananin sanyin hunturun 1946 zuwa 1947 ya ƙara tsananta ƙarancin abinci da kwal. Babbar matsalar ita ce ƙasashen ba su da dalar da za su sayo kaya daga Amurka. Gwamnatin Shugaba Harry Truman ta ji tsoron yunwa da rashin aikin yi su ƙara wa jam'iyyun kwaminisanci ƙarfi, musamman a Faransa da Italiya.

Matsayin Tarayyar Sobiyet

Da farko an yi tayin ga Turai baki ɗaya. Ministan harkokin wajen Sobiyet, Vyacheslav Molotov, ya halarci tattaunawar Paris, amma ya fice a watan Yuli 1947, yana zargin cewa shirin katsalandan ne a harkokin cikin gida na ƙasashe. Cekoslobakiya ta amsa gayyata, sannan ta janye bisa matsin lambar Stalin. Juyin mulkin da 'yan kwaminis suka yi a ƙasar a Fabrairun 1948 ya sa majalisar dokokin Amurka gaggauta amincewa da shirin, Truman kuma ya sa hannu ranar 3 ga Afrilu, 1948. A 1949 Sobiyet ta kafa ƙungiyar Comecon domin ƙasashen Gabas.

Yadda aka gudanar da shi

Mafi yawan tallafin kyauta ne, kuma ya zo a matsayin kaya: alkama, man fetur, auduga da injuna. Ana sayar da kayan da kuɗin ƙasar da ta karɓa, a zuba abin da aka samu a wani asusu na musamman domin ayyukan sake gini. Birtaniya ce ta samu kaso mafi tsoka, sai Faransa. Jamus ta Yamma ma ta amfana, amma ba a saka Sifaniya ta Janar Franco ba. Ƙungiyar da aka kafa a 1948 domin tsara rabon tallafin ita ce ta zama OECD a 1961.

Tasiri

Masana tarihi sun yi saɓani kan girman tasirinsa. Wasu na cewa farfaɗowar ta riga ta fara, kuma tallafin kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na kuɗin shigar ƙasashen. Wasu kuma na ganin ya cike giɓin dala a daidai lokacin da ake matuƙar buƙata. Shirin ya ƙarfafa haɗin kan Yammacin Turai, ya kuma zurfafa rabuwar nahiyar gida biyu a lokacin Yaƙin Cacar Baka. An bai wa Marshall lambar yabo ta zaman lafiya ta Nobel a 1953.