Me ya sa darasin shimi ke yi wa ɗiyanmu wuya? Bayani kan nazarin Piaget

Duk ƙarshen zangon karatu, in ɗaliban kwalej na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji suka kawo sakamako gida, mukan ji iyaye na kuka da darasi guda: ilimin sinadarai, wanda yara ke ce ma shimi. Wani uba ya ce yaro ba ya da kai, gara ya koma gona. In yarinya ce, sai a fara zancen aure. Ƴan uwa da ke Kano, Agadas ko Abijan, masu aiko kuɗin littafi, su ma sukan tambaya ko ba asara suke yi ba. Kafin a yanke hukunci, ga abin da masana suka gano kan yadda hankalin yaro ke girma.

Wane ne Piaget?

Jean Piaget, ana faɗin sunan Piyaje, masani ne ɗan ƙasar Suwis. An haife shi a 1896, ya rasu a 1980. Ya kasa girman tunanin yaro hawa huɗu. Daga haihuwa zuwa shekara 2, jariri na sanin duniya da ido, hannu da baki. Daga 2 zuwa 7 ya iya magana, amma ido na ruɗinsa: ka juye ruwa daga kwano mai faɗi zuwa dogon kofi, sai ya ce ruwan ya ƙaru. Daga 7 zuwa wajen 11 yakan yi tunani daidai, muddin abin na gabansa yana taɓawa. Sai daga 11 ko 12 yake fara iya tunani kan abin da ido bai gani.

Ina matsalar take?

Shimi kusan dukansa a hawa na huɗu yake. Mushe ya rubuta H2O a allo, ya yi bayanin atom da Faransanci, alhali yaro bai taɓa ganin atom ba. Sai ya haddace kawai, ranar jarrabawa a juya tambaya kaɗan, ya ɓace.

Kuma shekarun nan ba doka ba ne. A 1972 Piaget da kansa ya ce wasu sai tsakanin shekara 15 da 20 suke kaiwa hawa na huɗu, galibi a fannin da suka saba da shi. A 1975 Dudley Herron, malami a jami'ar Purdue ta Amurka, ya nuna cewa da yawa cikin sabbin ɗaliban jami'a ma ba su kai can ba, shi ya sa shimi ke kada su. To ina ga ɗanmu na kwalej?

Daga ina za a fara?

Wani masanin Amurka, Robert Karplus, ya ɗora kan nazarin Piaget ya tsara darasi mataki uku: yaro ya fara gwadawa da hannunsa, sannan malami ya ba abin suna, daga baya yaro ya gwada shi a wani wuri. Kayan gwajin kuwa suna cikin gidajenmu.

Ɗauki sukari. In ya narke cikin shayi, ƙaramin yaro kan ce ya ɓace. A auna ruwa da sukari a sikeli kafin a haɗa, a sake aunawa bayan ya narke: nauyin na nan yadda yake. Daga nan yaro zai yarda akwai ƙwayoyin da ido bai gani.

Ɗauki kanwa. Matsa mata lemun tsami, sai ta yi kumfa. Iskar da ke fita ita ce CO2 ɗin da ke cikin littafi. Zuba ruwan kanwa cikin jan zoɓo, launin ya juye ya yi duhu. Ƙara lemun tsami, ja ya dawo. Uwar da ke sa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, wannan darasin take yi kullum.

Dubi buhun takin zamani. Haruffan NPK alamomin sinadarai uku ne da shuka ke ci: azot, fosfor da potasiyom. Yaron da ya zuba taki a gonar gero ba zai ɗauki haruffan nan baƙi ba.

Kira ga iyaye

Mun san kwalej da yawa a karkara ba su da ɗakin gwaji, amma zoɓo da kanwa ba su fi ƙarfin kowa ba. In yaro ya dawo lakkwal, ku ce ya nuna muku darasin da kayan gida. A dai kiyaye: kada yara su taɓa ruwan batir ko sodar yin sabulu, suna ƙona fata da ido. Kuma kada a cire yaro ko yarinya daga lakkwal don maki ɗaya ya faɗi kafin a kai ga birebe. Sau da yawa ba kai ne babu ba, tsanin ne aka fara hawa daga sama.