Sunan Kakanka Yana Cikin Littafin Haraji

Jama'a, duk wanda ya mallaki fili a nan Maitama, ya ɗauko satifiket ɗinsa ya duba. Zai ga sunansa, da lambar fili, da shiyyar A05 ko A06, da wa'adin shekara 99. Shi ke nan. Babu sunan uba mai gona, balle na kaka. Dalili kuwa shi ne Doka ta 6 ta 1976, wadda marigayi Janar Murtala Muhammad ya kafa wannan birni da ita, ta mayar da ƙasar Abuja kacokan hannun gwamnatin tarayya. Su kansu Gbagyi masu asalin ƙauyen Maitama, Kubwa aka mai da su da aikin ginin birni ya iso kansu. Mu kuwa zuwa muka yi, yawancinmu bayan gwamnati ta taso daga Legas a Disamban 1991. Saboda haka takardunmu na nan daga kanmu suka fara, kuma yaron da aka haifa a nan ba zai tsinci asalinsa a cikinsu ba. Sai an koma gida.

A Ingila, mai neman asalinsa yakan nufi taswirorin ushirar coci, waɗanda aka zana bayan dokar 1836, inda kowace gona take da lamba, da sunan mai ita, da na mai noma ta. Mu ma muna da makamancin wannan, sai dai ba ta hanyar zakka ya zo ba. A zamanin Daular Usmaniyya ana fitar da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, a Kano kuma ga kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi, amma lissafin wane ne mai wace gona yana kan mai unguwa da dagaci da dattawa. Iyakar gona kuwa jerin gamba ce, ko wata tsamiya da kowa ya sani.

Rubutu ya shigo ne da Turawa suka ci Kano a 1903 suka ga suna son kuɗi. Wajen 1909 aka kafa Baitulmali, aka kuma fara abin da ake kira taki. Malaman taki su ne masu bin gona suna taka ta da ƙafa, tsawo da faɗi, su ƙidaya, su rubuta sunan mai gona da abin da zai biya. Manoma ba su so abin ba, kuma suna da gaskiya, domin takun dogo ba na gajere ba ne, kuma wanda ya san yadda ake gaisawa da malam, gonarsa takan ƙanƙance a takarda. Daga baya aka kawo safiyo na sosai a gundumomin da ke kewaye da birni, irin su Ungogo da Kumbotso, aka zana gonaki ɗaya bayan ɗaya. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi, ta yi amfani da irin wannan taswira a littafinta na 1977, tana gwada gonakin da da na lokacinta don ta ga yadda rabon gado ya yi ta daddatsa su. To, in baƙuwa daga Ingila ta iya bin sawun gonakin kakanninmu, mu me ya hana mu?

Amma ni a ganina, wuri mafi daraja shi ne littafin shari'a. Majalisar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, tana rubuta hukunce-hukuncenta da Larabci, kuma da yawansu rigimar gona ce da ta gida. Wani malami, Allan Christelow, ya fassara wasu na 1913 da 1914 ya buga su a 1994. Taswira lamba take ba ka da suna ɗaya. Shari'a kuwa sai ta zazzage maka dangi: wane ya ce gonar ubansa ce, ƙanin uba ya ce aro ce, wance ta ce jingina ce ba a fansa ba, a kira shaidu kowa da sunansa da unguwarsa. A nan ne ma ake ganin mata, waɗanda littafin haraji ya tsallake. Kuma a nan ne mu 'yan Islamiyya muke da riba a kan 'yan boko, domin wanda ya karanta babin gado a Risala zai gane abin da alƙali yake nufi ba sai an yi masa tafinta ba.

Sai dai a yi hattara, kamar yadda ɗan kasuwa ke yi da littafin bashi. Sunan da ke cikin haraji na mai gida ne kawai. Ƙanne da 'ya'ya masu aiki a gandu ɗaya, ko da sun yi furfura, suna ƙarƙashinsa. Sannan ƙauye ɗaya zai iya samun Audu goma, in ba ka san laƙabin naka ba, ko sana'arsa, ko sunan maƙwabcin gonarsa, sai ka ɗauko kakan wani ka rungume. Akawun Bature kuma yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Wani lokaci abin da za a tarar ba mai daɗi ba ne: gonar da ake taƙama da ita gado ce, ashe mai ita ya gudu ne saboda haraji ko yunwar 1914, dagaci ya ba wani.

Ina za a nema? Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomin Arewa. Akwai Gidan Arewa, shi ma a Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano. Amma kafin a kashe kuɗin mota, a fara da tsohuwar gida, a rubuta sunan gunduma da na dagacin wancan zamani, domin da sunan gunduma aka jera fayil, ba da sunan mutum ba. A kuma bincika adakar tsoho ko akwai rasitin haraji. Tun da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979, waɗannan 'yan takardu suka zama abin ƙunshe ƙosai, alhali a jikinsu akwai suna da ƙauye da shekara. Wanda zai je gida da Sallah ya tafi da leda mai kauri, don gara da damina ba su san darajarsu ba.