Injiniyan sarrafa na'urori a ma'adinai: aikinsa da hanyar karatunsa

Injiniyan sarrafa na'urori shi ne mai tsara yadda injuna za su tashi, su yi aiki, su tsaya da kansu a masana'antar ma'adinai. Ba ya haƙa ƙasa, amma idan tsarinsa ya sami matsala, dutse ɗaya ba zai wuce zuwa wurin tacewa ba.

Yadda aikin yake

A Arlit, cikin jihar Agadas, inda kamfanin SOMAÏR ke fitar da uraniyom tun 1971, ana farfasa dutsen, a niƙa shi, a jiƙa shi da ruwan asid, a tace, har a samu garin nan rawaya da ake zubawa a durom. A kowane mataki akwai na'urorin awo masu lura da zafi, da ƙarfin matsi, da gudun ruwa cikin bututu, da cikar tanki. Su ke aika sako ga wata ƙaramar kwamfuta mai jure ƙura da zafi, wadda ma'aikata ke kira otomat. Ita kuma take buɗe famfo, ta rage gudun bel mai jan dutse, ko ta tsayar da inji.

Injiniyan ne ke rubuta umurnin da otomat ke bi, ya daidaita na'urorin awo, ya zana allunan ɗakin sa ido. Idan masana'anta ta tsaya da tsakar dare, shi ake tasowa ya gano ko waya ce ta tsinke ko awo ne ya yi ƙarya.

Rayuka ma na hannunsa. Tankin asid da ya cika ya tumbatsa na iya ƙona mutane. A ramin ƙarƙashin ƙasa kuwa, injunan shigar da iska ne ke korar iskar radon mai cutar da huhu, don haka ƙararrawarsu ba ta da hutu.

Hanyar karatu

Ana farawa da bakaloriya ta kimiyya ko ta fasaha, irin wadda ake samu a lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Daga nan sai makarantar EMIG ta Yamai, mai horar da injiniyoyi a fannonin ma'adinai, lantarki da kanikanci. Takardar injiniya na ɗaukar shekaru 5 bayan bakaloriya. Lissafi da lantarki su ne ginshiƙi, sannan Ingilishi, domin da shi ake rubuta yawancin littattafan injunan.

Ina ake samun aiki

Ma'adini na ƙarewa. Ramin COMINAK na Akuta ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Sai dai wannan sana'a ba ta mutuwa tare da rami: irin na'urorin ne ke tafiyar da tashar lantarki ta SONICHAR mai ƙona gawayin ƙasa kusa da Cirozerin, da masana'antar siminti ta Malbaza, da matatar mai ta SORAZ a Damagaram.

Tun da gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yunin 2025, tafiyar da ita da gyaranta sun rataya a wuyan ƴan ƙasa. Mai sha'awar aikin sai ya shirya wa zaman arewa nesa da iyali, da aikin dare, da ci gaba da koyo, don na'urorin na sauyawa.